Idon Baƙo da Kuɗin 'Yan Gari: Tarken Abin da Matafiya Turawa Suka Rubuta a kan Wuri da Dala

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya sauka baƙuwar ƙasa, kafin ya san sunan sarkinta sai ya san kuɗinta, domin da su zai sayi abin da zai kwana da shi a ciki. Wannan ne ya sa da wuya a buɗe littafin wani matafiyi ba a tarar da shi yana jujjuya kuɗin mutane a tafin hannu ba, yana auna su da na garinsu, yana yabo ko kushewa. Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ba su kuɓuta daga wannan hali ba, kuma abin da suka rubuta ya zama madogara ga masu nazarin tarihi da al'ada har yau. Ɗalibi yakan ɗauko maganarsu ya dasa a kundinsa kamar shaidar da alƙali ya riga ya tantance, ba tare da ya tambayi halin da mai maganar yake ciki ba a ranar da ya rubuta ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken abin da uku daga cikin waɗannan matafiya suka faɗa game da kuɗi, wato Hugh Clapperton da Heinrich Barth da Charles Robinson. Za a duba abin da idonsu ya kama daidai, da inda ya kuskure, da dalilin kuskuren. Ma'aunin da za a gwada maganarsu da shi iri biyu ne: shaidar harshen Hausa, da kuma rayuwar kasuwa a yankin Bagudo na Jihar Kabi, inda garuruwa irin su Sharabi da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya suke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, inda kuma kuɗi iri biyu suke haɗuwa a aljihu ɗaya.

2.0 Fagen Nazari

Ba da ka aka zaɓi wannan yanki ba. Tun kafin zuwan Turawa, ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta bi ta nan: ayari yakan taso daga Salaga ta ƙasar Gwanja, ya ratsa Bargu, ya ƙetare Kwara ta wajen Illo, ya nufi Jega, daga nan ya wuce Sakkwato ko Kano. Marigayi Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma, da Paul Lovejoy a nasa na 1980 a kan fataucin goro, sun yi bayanin wannan zirga-zirga filla-filla. Abin da ya haɗa kasuwannin wannan doguwar hanya shi ne, daga Gwanja har Kano da wuri ake ƙirga farashi.

A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba Bargu biyu. Aka ɗauki wani wuri a gaɓar Kwara, mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo, aka ce daga nan iyaka ta fara. Illo ta faɗo hannun Ingilishi, ƙasar da ke yamma da ita ta zama ta Faransa a cikin Dahome, wadda aka sake wa suna Benin a 1975. Ke nan yankin da a da yake da kuɗi ɗaya ya wayi gari da sule a gabas, faran a yamma. Mutumin Sharabi ko na Lolo ya gaji duk matakan wannan tarihi a bakinsa, don haka shi ya fi cancanta ya zama alƙalin abin da baƙi suka rubuta.

3.0 Idanu Uku

Clapperton ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, daga Barno. A Katagum ya fara ganin ana ciniki da wuri, bayan ya baro ƙasar da ake musayar kaya da ƙyallen saƙi. Hukuncinsa yabo ne. Abu biyu suka burge shi: na farko, ba mai iya ƙera wuri na jabu; na biyu, gwanintar mutane wajen ƙirga ta sa ana iya biyan kowane ciniki da shi, ƙarami ko babba. A lokacinsa dala ɗaya ta azurfa tana daidai da wuri 2,000. Ya kuma kawo labarin da ya fi wannan muhimmanci, ko da yake bai ja hankalin mai karatu zuwa ga ma'anarsa ba: ana sa sunan dillali a cikin ƙunshin turkuɗi ko riga, in mai saye ya kai ta har Barno ya tarar da aibi, sai ya maido ta, dillali ya nemo wanda ya sayar a mai da masa kuɗinsa.

Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya zo bayan shekara ashirin da bakwai, kuma littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858 ya fi na kowa yawan alƙaluma. A Tasawa, cikin Janairu na 1851, ya tarar da ana ƙirga wuri 500,000, ya tsaya ya duba yadda ake jan su biyar-biyar da yatsu, ana tara su tsibi-tsibi. Ya bayyana cewa a nan ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, kuma ko da masu mulki sun ɗura su a buhunan kaba dubu ashirin-ashirin, mai karɓa ba ya yarda sai ya ƙirga da hannunsa. Ya ɗauki wannan aiki a matsayin wahala mai cin rai, har ya siffanta shi da jarunta cikin zolaya. A Kano ya ce dala tana kan wuri 2,500, ya ƙiyasta cewa iyali guda na iya rayuwa cikin rufin asiri da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. A 1853 ya ratsa ƙasar Kabi: ya sauka Gwandu a watan Mayu, zamanin Sarki Halilu, ya bi ta Birnin Kabi da Zogirma da kwarin gishiri na Foga, ya ƙetare Kwara a Sayi cikin watan Yuni. Hanyarsa ta bi arewa da yankin Bagudo, amma kuɗin da ya kashe a kanta su ne waɗanda fataken Illo suke kashewa.

Robinson, wanda daga baya ya koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij ya kuma wallafa ƙamus, ya isa Kano a ƙarshen 1894, littafin tafiyarsa ya fito a 1896. Shi kam kushe ya yi ba sassauci. Misalin da aka fi tunawa da shi shi ne na dokinsu da ya gaza a hanya: ya ce ba su iya sayar da shi ba, domin kuɗinsa da wuri sai an ɗauki 'yan alaro goma sha biyar su ɗauka, kuma ladan 'yan alaron zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari. Daga nan ya gina hujjarsa cewa rashin kuɗi masu sauƙin ɗauka ne ya sa attajirai suke tafiya da bayi suna sayarwa a hanya kamar guzuri, saboda haka in aka kawo kuɗin ƙarfe za a rage cinikin bayi.

4.0 Abin da Suka Gani Daidai

Adalci ya wajabta a fara da yabo. Alƙaluman waɗannan mutane suna da daraja domin attajiran da suka yi hulɗa da su ba su bar littattafan lissafi masu yawa da suka iso hannun manazarta ba. Da irin waɗannan alƙaluma ne Marion Johnson, a maƙalarta ta 1970, sannan ita da Jan Hogendorn a littafinsu na 1986, suka iya jera farashin dala shekara bayan shekara, suka nuna ya tashi daga 2,000 a zamanin Clapperton zuwa 2,500 a zamanin Barth, har ya kai wajen 5,000 kafin ƙarnin ya ƙare. Baƙo yakan rubuta abin da ɗan gari ya raina ya rubuta. Ba Bakanon da zai ɓata tawada ya faɗi yadda ake ƙirga wuri, tun da kowane yaro ya iya. Sai wanda abin ya zame wa sabo.

Haka kuma Barth ya lura da cewa ƙasar wuri tana da iyaka. A Adamawa da Bagarmi ya tarar da ƙyallen saƙi ne kuɗi, a Kukawa kuwa ya ga wuri bai daɗe da shiga ba, yana tafiya tare da gabaga da dala, manya kuma suna ɗaga farashin canji ko su sauke shi gwargwadon bukatarsu. Shi kansa ya dogara ga allura a matsayin ƙananan kuɗi a wurare da dama. Wannan ya nuna cewa canjin kuɗi a bakin iyaka, da cin riba a tsakanin kuɗi biyu, sun girmi naira da sefa nesa ba kusa ba.

5.0 Inda Ido Ya Kuskure

5.1 Ma'aunin matafiyi

Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne. Makantar ba ta rashin ido ba ce, ta rashin sanin abin da ya kamata a duba ce. Bukatar matafiyi ga kuɗi ita ce su yi daraja su yi sauƙin ɗauka, domin gidansa yana bisa raƙumi. Bukatar mai zaman gari kuwa ita ce kuɗi su farfashe har su kai ga ƙwayar daddawa da tsinken tsire da ludayin nono. Ta fuskar bukata ta farko wuri kaya ne. Ta fuskar ta biyu da wuya a sami kuɗin da suka kai shi, domin a kan farashin Barth dala guda tana rarrabuwa gida 2,500. In aka bi lissafinsa, wuri 500,000 da ya gani ana ƙirgawa a Tasawa dala 200 ne, wato abin da zai ciyar da iyali shekara takwas zuwa goma. Ashe abin da ya kafa hukunci a kansa ciniki ne na manyan fatake wanda talaka kan yi rayuwarsa bai taɓa ƙirga irinsa ba. Mace mai sayar da fura a ƙofar gida, wadda cinikinta na yini bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, ba ta shiga wannan hukunci ba, alhali irinta ne mafi yawan masu taɓa wuri.

5.2 Halin mai rubutu

Ya kamata a tambayi aljihun marubuci kafin a karɓi ra'ayinsa a kan kuɗi. Clapperton ya shiga Kano da takardar Shehun Barno zuwa ga wani babban attajiri, Alhaji Hat Salah, wanda ya zame masa maigida. Bai ɗanɗani ƙuncin rashi ba, sai ya ga kyawun tsarin. Barth ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 ba shi da lafiya, ga bashin da ya haura wuri 100,000 a wuyansa, kayan da ya dogara da su kuma ba su yi kasuwa ba, masu bin sa bashi suna sallama a ƙofa. Mai irin wannan hali ba zai ga ƙirgar wuri da daɗi ba. Robinson kuwa ya zo da ayarin 'yan alaro da yake biya kullum, a shekarun da darajar wuri ta riga ta zube. Saɓanin da ke tsakanin hukuncin mutanen uku ya samo asali daga sauyin zamani da kuma bambancin halin da kowannensu ya sami kansa, kuma wanda ya kawo maganar ɗaya ya bar ta sauran ya ba da rabin labari.

5.3 Bashi da amana

Ido yana ganin tsibin wuri a tabarma, amma ba ya ganin alkawari. Babban ciniki a ƙasar Hausa bai rataya ga ɗaukar buhuna daga gari zuwa gari ba. Falke yakan sauka gidan fatoma, a ajiye kayansa, dillali ya nemo mai saye, a yanke farashi da wuri, sannan a biya da turkuɗi ko kanwa ko goro, ko a ɗaga biya zuwa dawowar ayari. A irin wannan ciniki wuri ma'auni ne na lissafi, sau da yawa ba ya ko fitowa fili. Labarin sunan dillali a cikin ƙunshin riga da Clapperton ya kawo shaida ce ta wannan amana, haka ma rayuwar Barth kanta, domin da rancen attajirai ya yi wani ɓangare mai yawa na tafiyarsa. Matsalar dokin Robinson matsala ce ta wanda ba shi da maigida a garin da ke gaba. Da falke ne, da ya bar dokin a hannun fatomansa, ya karɓi kaya marasa nauyi, ko ya bar kuɗin sai ya komo. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan ba ya nufin a wanke abin da ba ya wankuwa. Gaskiya ne an yi amfani da bayi wajen biyan manyan kuɗi da kai gaisuwa da haraji, kuma wannan tabo ne da mai nazari ba zai rufe shi da tafin hannu ba. Abin da ake tuhuma a hujjar Robinson shi ne yadda ta mai da babban al'amari na yaƙi da mulki da gandaye ya koma matsalar nauyin kuɗi, da kuma yadda ta zo daidai da bukatar masu shirin cin ƙasar, waɗanda suka iso Kano da Sakkwato a 1903, shekara bakwai bayan fitowar littafin.

5.4 Tushen faɗuwar daraja

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar wuri a matsayin alamar ƙasar da ta yanke daga duniya. Wurin asali daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya yake fitowa. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya zauna a tsibiran ya kuma ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ga ana kashe shi a wuraren biyu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Jiragen Turawa masu cinikin bayi ne suka yi ta jibge shi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Daga wajen 1845 kuma kamfanonin Jamus da na Faransa suka gano wani irin wuri a gaɓar Zanzibar, wanda ya fi na Maldib girma da nauyi da araha, suka shigo da dubban tan nasa cikin shekara ashirin da 'yan kai. Kuɗi suka yi yawa, darajarsu ta faɗi, nauyin da ɗan alaro zai ɗauka ya ƙaru. Abin lura a nan shi ne, manyan kamfanonin Jamus da suka yi wannan fatauci na birnin Hambug ne, garin da aka haifi Barth a 1821. A shekarun da yake zolayar masu ƙirga wuri a Tasawa, attajiran garinsu suna loda jiragen da za su ninka wahalar ƙirgar. Nauyin da ya hana Robinson sayar da doki, daga Turai aka ƙara shi.

Dala ma baƙuwa ce. Wadda ta fi yawo ita ce ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta bayan mutuwar sarauniyar. Matafiya sun ɗauke ta a matsayin kuɗin ƙwarai da ake auna wuri da su, amma a hannun Bahaushe sau da yawa haja ce: ajiya ce, kuma azurfa ce da maƙeri zai narkar ya yi munduwa ko zobe.

6.0 Shaidar Harshe

Abin da littattafan baƙi suka tsallake, harshe ya adana. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ke nan duk wanda ya ce kuɗi a yau, ko naira yake nufi ko sefa, sunan wancan ƙoƙon teku yake kira. A karin harshen yamma akan ce ijiya ga ƙwaya ɗaya. Akwai hauya, wato ashirin. Da zangu, ɗari. Da metan, ɗari biyu. Da zambar, da ake sa wa dubbai, kamar a ce zambar goma. Da keso, wato dubu ashirin, wanda ya ɗauki sunan tsohuwar tabarmar da ake ƙunshe su a ciki. Al'ummar da ta tanadi irin waɗannan kalmomi, har da hanyar ragewa ta gaira, kamar metan gaira ashirin, ta mai da ƙirga sana'a mai ƙa'ida.

Da Turawan mulki suka hana shigo da wuri a 1904, suka kuma kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, harshe bai miƙa wuya ba, sai ya yi wa sababbin kuɗin suna. Wasu sunayen aro ne da aka gyara, kamar fam da sule da sisi da taro da kwabo. Amma rabin kwabo sai aka kira shi ɗari, kuma wannan suna yana nuni ga wani wuri da wani lokaci da ake canza shi da wuri ɗari. Bisa wannan lissafi kwabo wuri 200 ne, sule 2,400, anini kuwa, wanda shi ne ɗaya bisa goma na kwabo, wuri 20, wato hauya guda. Ma'anar wannan ita ce mafi ƙanƙantar kuɗin Bature ya fi ƙarfin duk abin da farashinsa bai kai hauya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wuri ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru da dama bayan an yanke masa hukunci. A labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, wuri yana fitowa a wajen aure da biki da fansar dangin da aka kama, ba a ji tana kukan nauyinsa ba. Muryar 'yar gari ke nan, kuma ta cancanci a ajiye ta kusa da ta Barth a aji.

A ɓangaren Faransa kuma tsohuwar kalmar dala ce ta sami sabon aiki. An ɗora ta a kan ƙarfen faran biyar, ta zauna a kansa har bayan ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945. Bahaushe da Bazabarme da Badande duk da dala suke ƙirga sefa: abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ne, 500 dala ɗari, 1,000 kuwa jaka guda. A Nijeriya jaka fam ɗari ce, da aka koma naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, ta zama naira 200, kamar yadda fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Kowane sabon kuɗi ya zo da lambarsa a rubuce, baki kuma ya ci gaba da ƙirga shi da tsohon ma'auni.

7.0 Baƙo a Bakin Iyaka

In wani baƙo ya sauka kasuwa a yankin Bagudo ya ji an ce masa dala ɗari, ya duba takardar da aka miƙo ya ga an rubuta 500, zai ce mutanen nan ba su san lissafi ba. In ya ji an ce jaka, sai an tambayi wace jaka, ta naira ko ta sefa, zai ce ruɗani ne. Kuskuren Barth ne zai maimaita, wato auna tsarin mutane da rashin sabonsa. Mai sayar da shinkafa ko kifi ko albasa da ke hulɗa da 'yan Madekali da Malanbil da Segbana yana riƙe da ma'auni biyu a ka, yana sauya su cikin ƙiftawar ido, kamar yadda kakansa ya riƙe wuri da dala.

Abin da ya sa wannan tarke ya wuce gardamar malamai shi ne, idon baƙo bai tsaya a littafi ba, ya shiga ofis. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba. A watan Janairu na 1994 aka rage rabin darajar sefa a dare ɗaya, duk mai ajiya da ita ya kwana da rabin abin da ya tara. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin manyan takardun naira, ƙarancin tsabar kuɗi ya biyo baya a farkon 2023, har Kotun Ƙoli ta tsoma baki a watan Maris. A lokacin jaridu sun ba da labarin garuruwan bakin iyaka da suka koma ciniki da sefa. Kowanne daga cikin waɗannan matakai yana da hujjar da masu shi suka kawo, kuma ba nan ne wurin auna ta ba. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, an tsara su bisa zaton cewa kowa yana da banki kusa, kuma kuɗi ɗaya ne a aljihunsa, zaton da bai dace da mai tallar nono a Sharabi ba, kamar yadda anini bai dace da mai sayen daddawar wuri biyar ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Clapperton da Barth da Robinson sun bar alƙaluma masu amfani da siffantawar da ba a samun irinta a wani wuri, kuma ba mai nazarin da zai wadatu da barin su. An kuma ga cewa hukuncinsu ya ɗauki launin bukatar matafiyi da halin aljihunsa, ya tsallake bashi da amana, bai kuma bi sawun wuri zuwa jiragen da suka kawo shi ba. Barth ɗin da ya ga Tarihin Sudan a Gwandu ya jingina shi ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman Sa'adi ne, ya isa misali cewa ƙwazo ba ya hana baƙo tuntuɓe. Saboda haka hanyar da ta dace ga malami da ɗalibi ita ce su karɓi lambar baƙo bayan sun gwada ta da ta wani, su kuma ajiye ra'ayinsa sai sun ji ta bakin 'yan gari.

Akwai aikin da ke jiran sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Sakkwato da Birnin Kabi da suka fi kusa. Tsofaffin da suka kashe anini da ɗari da taro suna ƙarewa, kuma tare da su kalmomin ƙirga da karin maganar kasuwa suke tafiya. Ya kamata a tura ɗalibai Sharabi da Illo da Lolo da Tsamiya su tattara sunayen kuɗi da hanyoyin lissafin canji cikin Hausa da Dandanci da Fulatanci da Busanci, a rubuta su tun masu su suna da rai, domin wanda zai karanta Barth nan gaba ya sami littafin 'yan gari da zai buɗe kusa da shi.